Neman Gadon da Aka Ƙwace: Katsinawan Maraɗi a Ƙarni na 19 da Mayaƙan Arakan na Zamaninmu



  

Muƙaddima

Wanda duk ya taɓa zama a Kaduna ya ji ana ambaton barikin Dalet da barikin Kalapanzin, wanda kuma ya sauka Ikko ya ji barikin Arakan da na Myohaung, amma kaɗan ne cikin masu faɗin waɗannan sunaye suka san cewa koguna ne da garuruwa na wata siririyar ƙasa mai suna Arakan, wato Rakain ta yau, da ke kwance tsakanin duwatsu da teku a yammacin Bama, wadda yau ake kira Miyanma, inda iyayenmu da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka yi ta fama da Japanawa cikin ruwa da laka a 1944 da 1945. Garin da Turawa suka rubuta Myohaung, wanda waɗannan rundunoni biyu suka ci a watan Janairu na 1945, shi ne Mrauk-U, tsohuwar alkaryar sarakunan Arakan, kuma shi ne dai garin da wata ƙungiyar mayaƙa ta ƙabilar Rakain, mai suna Rundunar Arakan, ta karɓe daga hannun sojan Miyanma a watan Fabrairu na 2024, tana cewa gadon kakanninta ta ƙwato.

Dalilin da ya sa na kawo zancen wannan ƙasa mai nisa a majalisin da aka tara domin tarihinmu shi ne, ƙasar da muke zaune a kanta yanzu, tun daga Kurfi da Tsauri har Karofi, tun daga Ruma har Matazu, ta sha irin wannan fitina kusan shekara tamanin, sa'ad da zuriyar sarakunan Katsina na dauri, waɗanda jihadi ya fitar daga birni, suka kafa Maraɗi suka yi ta yaƙin neman komawa. Abin da nake nufin in kafa wa hujja kuwa guda ɗaya ne: cewa mai neman a mayar masa da ƙasar ubansa sau da yawa yana da ƙara ta gaskiya a kan wanda ya fitar da shi, amma yaƙin da zai yi domin wannan ƙara a gonar mutum na uku ake yinsa, wanda bai ƙwaci kome ba, ba a kuma shawarce shi ba, saboda haka idan za a auna irin wannan yunƙuri, ba ya wadatarwa a dubi ingancin da'awarsa, sai an dubi abin da ya aikata ga wannan na ukun.

Faɗuwar Birnin Katsina da kafuwar Maraɗi

Sa'ad da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka kuma yi gumurzun Tafkin Kwatto a cikin wannan shekara, al'amarin bai tsaya a Gobir ba, domin a ƙasar Katsina ma akwai malamai da jama'arsu da suka amsa kira, manyansu su ne Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Muhammadu Na Alhaji, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar 'Yandakan Katsina a nan Dutsin-Ma. Bayan yaƙe-yaƙe da kewaye birni da yunwa mai tsanani, Katsina ta faɗi a 1807. Sarki Magajin Haladu ya fita da jama'arsa ya yi arewa zuwa Ɗankama, aka bi shi can aka karya shi, riwaya ta ce baƙin ciki ya sa ya faɗa rijiya. A nan ne waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa, suka ci gaba da kiransa Sarkin Katsina alhali ba shi da ko taki ɗaya na ƙasar Katsina a hannunsa, suka nausa Damagaram, inda suka zauna shekaru a Gafai suna cin arzikin maƙwabta.

Da al'amarin ya tsaya a nan, da labarinsu ya zama irin na sauran 'ya'yan sarakunan da mulki ya suɓuce wa, waɗanda sukan narke cikin fadar wani su ɓace. Abin da ya sake lissafin shi ne boren da talakawan kwarin Maraɗi suka yi wajen 1819, waɗanda akasarinsu manoma ne da maharba masu bin addinin gargajiya, da suka gaji da nauyin wakilin sabuwar hukuma, wanda riwaya ta kira Mani, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo ya zama inuwarsu. Ya kamata a tsaya a lura da wannan, domin shi ne tushen ƙarfin Maraɗi duka: 'yan gudun hijira sun zo da suna da tambari da sanin mulki, mutanen kwari kuwa sun ba da kibiya da dawa da kurmin ɓuya, kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa.

Mulkin da suka kafa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, Katsina ce aka sake ginawa a wani wuri. Aka naɗa Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yandaka su zama rukunan sarauta masu zaɓen sarki, aka tsayar da sarautar Iya a kan al'amuran mata da bori, ba a kuma taɓa kiran mai gadon Sarkin Maraɗi a fada ba, Sarkin Katsina ake ce masa, har yau ɗin nan. Sai ya zama a ƙarni na 19 akwai Katsina biyu, da Ƙaura biyu, da 'Yandaka biyu, kowane yana ganin ɗan'uwansa a matsayin mai riƙe da abin da ba nasa ba. Wannan kuwa da'awa ce da aka yi da tsarin mulki maimakon takarda, ma'anarta ita ce ba mu yarda an gama ba.

Ba muradina ba ne in shiga shari'ar ko wa ke da gaskiya tsakanin masu jihadi da waɗanda suka kora, domin malaman wancan zamani da kansu sun yi jayayya mai zurfi a kan halaccin yaƙar sarakunan da ke salla suna azumi, kamar yadda wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno suka nuna, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. Ɗan Kasawa ya rasu wajen 1830 bai ga Katsina ba. Magajinsa Rauda ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Azbinawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke a 1836, aka kashe Rauda da Ali a fagen fama, Gobirawan da suka tsira suka zo suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, garuruwan biyu suka zama tagwayen sansani masu fuskantar kudu. Daga nan sai magajin Rauda, Ɗan Mari, wanda ya gane cewa ba a cin daular Sakkwato da karo gaba da gaba, ya sauko ƙasar Ruma ya tayar da garuruwan da zukatansu ba su kwanta da sabon mulki ba.

Abin da ya sami ƙasar tsakiya

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidajenmu. Sarkin Katsina Sidiku ɗan Ummarun Dallaje, wanda ya yi mulki daga 1835 zuwa 1844, ya murƙushe boren Ruma da hannu mai nauyi ƙwarai, aka rushe garuruwa, aka kwashe mutane, har masana tarihi suna danganta faɗaɗar dajin da ke yammacin Katsina, wanda muke kira Rugu, da wannan watsewa, domin inda noma ya tsaya daji ne ke gaje wurin. Ɗan Mari ya yi kira, mutane sun amsa, amma da aka zo biyan farashi ba Maraɗi aka ƙone ba. Wani abin mamaki kuma, wanda ya isa ya sa mai saurin yanke hukunci ya yi hattara, shi ne cewa Sidikun nan da kansa, da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1844, Maraɗi ya nufa, wurin mutanen da ya gama yaƙa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981, ya yi dogon gargaɗi a kan fassara wannan tarihi da cewa faɗan Haɓe da Fulani ne kawai, kuma gudun Sidiku zuwa Maraɗi yana daga cikin abubuwan da ke ƙarfafa maganarsa. Akwai Hausawa da yawa a rundunar masu jihadi, akwai kuma waɗanda suka bi Maraɗi don maslahar kansu ba don jini ba.

Shaida mafi kusa da mu ita ce ta Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. A watan Maris na 1853 ya tashi daga Birnin Katsina zai tafi Wurno tare da ayarin Galadiman Sakkwato, amma saboda labarin rundunar Gobirawa da ke shirin fitowa, ayarin bai iya bin hanya miƙaƙƙiya ta yamma ba, sai da ya karkato kudu ta Kuraye ya biyo ta Kurfi, sa'an nan ya yi Zakka da Zurmi. Abin da ya ja hankalin Barth a Kurfi har ya siffanta shi shi ne tsaron garin, yadda aka haɗa duwatsun da Allah ya ajiye a wurin da ganuwa da ramuka na aikin hannu, aka tsare mashiga. Mai karatu na iya sha'awar hikimar masu ginin, kuma ta cancanci sha'awa, amma ni abin da nake gani a cikin wannan siffa shi ne kwanakin rani da talaka ya ɓatar yana haƙa da ɗaukar ƙasa, da gonakin nesa da aka bari saboda ba wanda zai yi gangancin kwana a wajen ganuwa, da 'ya'yan da aka tafi da su ba su dawo ba. Idan jakadan Sarkin Musulmi da dawakinsa da 'yan rakiyarsa sai ya yi kewaye, ina ga mai jaki ɗaya da zai kai gishiri kasuwa?

Zamanin Ɗan Baskore, wanda Smith ya sanya tsakanin 1854 da 1875, shi ne ƙololuwar ƙarfin Maraɗi. Hare-harensa sun ratsa Katsina da Zamfara, sun taɓa ƙasar Kano a zamanin Sarki Abdullahi, wanda ajalinsa ya riske shi a nan Karofi a 1882 yana kan hanyar Sakkwato, abin da ke nuna cewa babbar hanyar daular ta wannan yanki take bi, shi ya sa kuma ya zama wurin farauta. Sai dai fa duk wanda ya bi waɗannan hare-hare da idon basira zai ga cewa niyyar farko ta riga ta sauya. Ɗan Kasawa da Rauda birni suke nema. A zamanin Ɗan Baskore da abin da ya biyo bayansa, har zuwa kwanakin Ƙaura Hasau da maroƙa ke wasawa, yaƙin ya zama sana'ar rani, abin da ake komawa da shi bayi ne da shanu, waɗanda ake kamawa kuwa Katsinawa ne, wato mutanen da aka ce an fito 'yantarwa. Ɗaya ɓangaren ma haka yake yi wa ƙauyukan arewa, yana kiran abin jihadi. Hausawa sun ce idan giwaye biyu suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala, ciyawar kuwa a wannan karon tana da sunaye, Ruma ce da Kurfi da Tsauri da ire-irensu.

Ƙarshen al'amarin bai zo ta hannun ko ɗaya daga cikinsu ba. Gidan Maraɗi ya rabu saboda rigimar gado har wani reshe ya koma Tasawa. Ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar da wuta a 1899. Ingilishi suka shiga Katsina a 1903. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Ingila da Faransa suka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. A Daura Turawa sun mayar da tsohon gidan sarauta daga Zango a 1906, da alƙalami, abin da takobi ya kasa yi cikin ƙarni guda. A Katsina kuwa sarautar ta koma gidan Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Gidan Korau, wato zuriyar sarakunan Katsina na dauri, ya zauna inda yake a Maraɗi. Abin da ya rage na tsohuwar alaƙa a wannan gefe sunan sarauta ne, domin hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina.

Arakan

Mu koma gabas. Daular Mrauk-U ta kafu a 1430, ta yi shekara fiye da 350 tana mulkin gaɓar tekun Bangal, sarakunanta mabiya addinin Buda ne, amma da yawansu sun ɗauki laƙabin Musulmi, sun buga kuɗi da rubutun Larabci da Farisanci, a fadarsu kuma mawaƙan Musulmi na Bangal irin su Alaol suka yi fice. A ƙarshen 1784 rundunar Sarkin Bama Bodawpaya ta ci ƙasar, ta kwashe babban mutum-mutumin Mahamuni, wanda Rakainawa ke ɗauka a matsayin ran daularsu, aka kai shi ƙasar Bama, yana Mandalay har yanzu. Dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Chittagong da ke hannun Ingilishi, daga can kuma wani mai suna Chin Byan ya yi ta kawo hari daga 1811 har mutuwarsa a 1815, wato a daidai shekarun da Ɗan Kasawa ke zaune a Gafai yana jiran rana. Ingilishi suka karɓi Arakan a 1826 bisa yarjejeniyar Yandabo, da Bama ta sami mulkin kai ranar 4 ga Janairu 1948 sai aka bar Arakan a cikinta, ba ta ma sami matsayin jiha ba sai 1974.

Ƙarar Rakainawa a kan hukumar tsakiya ƙara ce mai ƙarfi, ba kuwa zan rage mata kome ba. Jiharsu tana cikin mafiya talauci a ƙasar, alhali daga gaɓarta ake haƙo iskar gas, daga Kyaukphyu kuma bututun mai da na gas suka tashi suka ratsa ƙasa har lardin Yunnan na Sin, kuɗin yana tafiya wani wuri. A kan wannan ƙorafi ne wasu samari 26 suka kafa Rundunar Arakan ranar 10 ga Afrilu 2009, ƙarƙashin Twan Mrat Naing, ba a ƙasarsu ba, a Laiza ta jihar Kachin, can iyakar Sin, inda mayaƙan Kachin suka ba su masauki da horo, kamar dai yadda Damagaram ta yi wa Katsinawa. Sannu a hankali suka gangaro gida. Ranar 4 ga Janairu 2019 suka auka wa ofisoshin 'yan sanda huɗu a Buthidaung suka kashe 13, yaƙi ya ɓarke har aka tsagaita a Nuwamba 2020. Da soja suka hamɓarar da gwamnatin farar hula ranar 1 ga Fabrairu 2021, hankalinsu ya rabu a fagage da yawa, sai ƙungiyar ta yi amfani da wannan dama ta shimfiɗa kotunanta da masu karɓar harajinta a ƙauyuka, ta zama hukuma tun kafin ta ci gari. Bayan farmakin da ita da ƙawayenta biyu suka fara ranar 27 ga Oktoba 2023 a arewacin jihar Shan, ta buɗe wuta a Rakain ranar 13 ga Nuwamba, ta ci Paletwa da Mrauk-U da Buthidaung, ta ci Maungdaw a Disamba 2024 ta riƙe iyakar Bangaladash baki ɗaya, ta kuma karɓe hedkwatar rundunar yamma a Ann cikin wannan wata. Kafin shekarar ta fita gundumomi 14 cikin 17 suna hannunta, saura Sittwe da Kyaukphyu da tsibirin Manaung. Shugabanta ya sha faɗin cewa abin da suke nema shi ne matsayi irin na yankin Wa, wanda ke cikin Miyanma a taswira amma yana mulkin kansa da sojansa.

To, wane ne mutum na uku a Arakan? Musulmin Rohinja ne, waɗanda dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar akasarinsu ba ƙasa, waɗanda kuma sojan Miyanma suka kori fiye da 700,000 daga cikinsu zuwa Bangaladash tun daga Agusta 2017, ta'asar da ta sa Gambiya, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta kai ƙara Kotun Duniya a Nuwamba 2019. Wannan ɗanyen aiki na soja ne. Amma da yaƙin 2024 ya iso arewacin jihar, inda ragowarsu ke zaune, sai soja suka shiga kama samarinsu da ƙarfi suna sa su gaba, Rundunar Arakan kuma ta ɗauke su abokan gaba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun tuhumi rundunar da hannu a ƙone garin Buthidaung a watan Mayu, da kuma ruwan bama-bamai a kan masu gudu a bakin kogin Naf ranar 5 ga Agusta. Rundunar ta musanta. Ko yaya shari'a ta ƙare, mutanen da suka tsira daga wuƙar soja a 2017 sun sake tsallaka kogi a 2024, wannan karon suna gudun yaƙin masu neman 'yanci.

Ƙiyasi da iyakarsa

Malaman usulu sun koya mana cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta haɗa asali da reshe, kuma wajibi ne mai yinsa ya faɗi inda abubuwan biyu suka rabu. Sun rabu a wurare masu nauyi. Maraɗi gidan sarauta ne ke neman gadonsa a zamanin da ba a san ƙuri'a ko tsarin mulki rubutacce ba; Rundunar Arakan kuwa tana magana da yawun al'umma, tana jingina da ƙa'idar 'yancin al'ummai su zaɓi makomarsu, wadda ke cikin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945. Katsinawan Maraɗi da na birni harshensu ɗaya, sarakunansu duka masu salla ne, aure da fatauci ba su yanke tsakaninsu ba ko a tsakiyar gaba. Tsakanin Rakain da Rohinja kuwa akwai bambancin addini da harshe da jinin da aka zubar a 1942 da 2012. Sa'an nan Maraɗi ba ta ci Katsina ba, Rundunar Arakan kuwa ta ci mafi yawan abin da ta fito nema, wanda ya sa hisabinta ya fi tsanani, domin wanda ya ci ƙasa ya zama mai kiwon duk wanda ke cikinta, ba shi da sauran uzurin cewa shi ɗan gudun hijira ne.

Illar da ta haɗa su ita ce wannan: duka biyun sun gina da'awarsu a kan tunawa da wata rana da aka yi musu fashin mulki, 1807 a nan, 1784 a can, tunawa irin wannan kuwa tana da ƙarfin riƙe jama'a shekara ɗari ko ɗari biyu, amma tana da aibi, domin takan tsayar da lissafin su wa ke da ƙasa a kan wannan rana guda. Wanda ya zo bayanta, ko ya zauna lafiya a ƙarƙashin sabon mulki don ba shi da zaɓi, sai a lissafa shi cikin ganima ko cikin maciya amana. Manomin Kurfi da ya biya zakka ga Katsina ya halatta ga Maraɗi. Manomin Ruma da ya buɗe wa Ɗan Mari ƙofa ya halatta ga Sidiku. A ra'ayina, Rakainawa sun cancanci su mulki kansu, soja kuma ba su da wata hujja da ta rage a kansu. Amma idan mulkin da za su kafa ba shi da wurin Barohinje a matsayin ɗan ƙasa cikakke, to sun sauya mai zalunci ne kurum, kuma tarihin Mrauk-U da suke taƙama da shi, wanda ya ɗauki Musulmi a fada da kasuwa, shi zai fara ba da shaida a kansu.

Akwai dalilin da ya sa wannan bahasi ya wuce na ɗakin karatu a gare mu. Dajin Rugu ya sake zama mafakar masu ɗauke mutane, ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma sun san abin da ake nufi da barin gonar nesa, tun 2019 kuma dubban mutanenmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. 'Yan bindigar yau ba su da da'awa irin ta Ɗan Kasawa, kuma zalunci ne a haɗa su da shi. Amma a kafofin sada zumunta an fara jin masu ɗauko 1804 da 1807 suna fassara masifar yau da su, suna raba mutanen da suka cuɗanya shekara ɗari biyu zuwa masu ƙasa da baƙi, waɗanda kuwa ke wannan magana galibinsu ba a Ruma ko Tsauri suke kwana ba. Maganin irin wannan tawili shi ne tarihi cikakke, mai sunayen garuruwa da na mutane, wanda zai nuna wa ya tsaya ina, don me, kuma wa ya biya.

Irin wannan tarihi bai gama rubutuwa ba, kayan aikinsa kuma suna ƙarewa, domin ganuwa tana zama gona da fili, dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu suna tafiya. Saboda haka ina roƙon sashen tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da izinin iyayenmu Maraɗin Katsina da 'Yandakan Katsina, ya tura ɗalibai su auna abin da ya rage na ganuwar Kurfi su gwada shi da siffar da Barth ya bari, su naɗi riwayoyin Tsauri da Birchi da Karofi da Ruma, sa'an nan a nemi haɗin kan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi domin a ji abin da zuriyar ɗaya ɓangaren ke faɗa a kan hare-haren nan guda. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce.